Me ya sa fatar da aka goge ta yi sumul take bushewa bayan kwana biyu a hunturu?

Mai Gyaran Jiki, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida jama'ar wannan zaure, musamman malaman lafiya da ke cikinmu. Sana'ata gyaran jikin amare da matan aure ce, ina yin dilka da halawa da lalle a cikin gida, kuma akwai abin da ya daɗe yana damuna wanda nake roƙon a warware mini shi yadda zan fahimta.

Da damina, idan na yi wa amarya dilka, fatarta takan zauna da laushi har bayan biki. Amma da zarar hunturu ya kankama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai abin ya canza. Ranar da aka gama gyara fata tana sheƙi tana santsi, bayan kwana biyu ko uku kuwa sai ta yi furu-furu, ƙwauri ya yi zane-zane fari, wasu ma su ce ko man shafawa suka sa yana yi musu raɗaɗi. Sukan dawo su ce a ƙara gogewa don a cire farin, idan aka ƙara kuma sai abin ya daɗa muni. Na lura cewa waɗanda suka daɗe suna shafa man ƙara haske su suka fi shan wannan wahala, domin fatarsu takan yi ja, wani lokaci har ta ɗaye.

Kwanan baya wata mai sayar da kayan kwalliya ta gaya mini cewa akwai mayukan da ke taimaka wa ƙwayoyin fata su ƙosa, wai da haka ne fata take iya riƙe ruwa. Ni a sanina abin da muke gogewa matacciyar fata ce da datti, kuma cire ta shi ne gyara. To mene ne gaskiyar wannan magana ta ƙosawar ƙwayoyin fata, kuma mene ne haɗinta da bushewar da nake gani? Amanar jikin 'ya'yan mutane ake ba ni, ba na so in cutar da kowa da hannuna. Allah Ya ba da ikon amsawa.

Malamin Kimiyyar Halittu, Daura

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika gani da idonki ya yi daidai da abin da masana fata suka tabbatar, kuma zan ɗan tsawaita domin maganar ba ta fahimtuwa sai an bi ta daga tushe. Abu na farko da nake so ki riƙe shi ne, waccan fatar ta sama da ake kira matacciya ita ce abin da jiki ya shafe makonni yana ƙerawa. Gaskiya ne ƙwayoyinta ba su da rai, amma sai bayan sun mutu suke kama aikin da aka yi su dominsa.

Fatar mutum tana da ɓangare na ciki mai kauri, inda jijiyoyin jini da saiwar gashi da mafitar gumi suke, da kuma ɓangare na waje da ake kira epidamis, wanda a yawancin sassan jiki kaurinsa bai wuce kimanin kashi 1 cikin 10 na milimita ba, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyinsa iri ɗaya ne, ana kiransu keratinosait. A layin can ƙasa ake samar da su: ƙwaya takan rabu biyu, ɗaya ta zauna a wurin, ɗaya ta kama hanyar sama, sababbin da ke fitowa a bayanta suna tura ta. A kan wannan hanya take canzawa mataki-mataki. Da farko takan cika cikinta da zaruruwan wani furotin mai ƙarfi, wato keratin, ta kuma ɗaure kanta da maƙwabtanta da wasu ƙananan maɗaurai. Idan ta matso sama sai ta tara abu biyu masu muhimmanci, wato tsabar wani furotin da daga baya zai zama filagrin, da wasu 'yan jakunkuna cike da kitse na musamman. A mataki na ƙarshe sai ta zazzage kitsen a waje, a tsakaninta da sauran ƙwayoyi, ta narkar da cibiyarta da sauran kayan cikinta, ta lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri, ta baje ta zama falle siriri. Sinadarin kalsiyam yana cikin abubuwan da ke tafiyar da wannan tsari, domin kaɗan ne a layin ƙasa, yana ƙaruwa yayin da ake yin sama, kuma ƙaruwarsa ce take sanar da ƙwaya cewa lokacin daina rabuwa da fara ƙosawa ya yi. Tafiyar takan ɗauki kimanin mako 2 kafin ƙwaya ta iso layin sama, da wani mako 2 kafin ta faɗi, shi ya sa ake yawan cewa kwana 28, kodayake wasu ma'aunan sun nuna takan kai kwana 40 ko fiye, kuma tana ƙara nawa yayin da shekaru suka ja.

Layin saman nan falle 15 zuwa 20 ne kawai a yawancin jiki, sai tafin hannu da tafin ƙafa inda yake ninka haka sau da yawa. A farkon shekarun 1980 wani likitan fata mai suna Peter Elias, na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka, ya kwatanta shi da ginin tubali, kuma mu da muka tashi muna ganin ginin ƙasa a Daura da Katsina mun fi kowa saurin gane nufinsa. Ƙwayoyin da suka ƙosa su ne tubalin, kitsen da suka zazzage shi ne kwaɓin da ke tsakani, kuma kowa ya san tubali komai kyansa ba ya tare iska idan babu kwaɓi. Kimanin rabin wannan kitse seramaid ne, kashi ɗaya cikin huɗu kolestarol, sauran kuwa yawanci asid-asid ne na mai. A jere suke hawa-hawa, ta yadda ruwan da ke son fita daga jiki sai ya sha doguwar hanya, haka ma sabulu da ƙura da ƙwayoyin cuta da ke son shiga.

Kitsen yana tare ruwa ne daga wajen ƙwaya, amma akwai abin da ke riƙe shi a cikin ƙwayar kanta, kuma a nan filagrin yake shigowa. Bayan ya gama tattara zaruruwan keratin wuri ɗaya, sai a farfasa shi ya zama ƙananan sinadarai, yawancinsu amino asid, waɗanda tare da laktet da yuriya suke zuƙo danshi su riƙe shi. A 2006 ayarin Farfesa Irwin McLean na Jami'ar Dandi a Sikotilan suka nuna cewa tawaya a ƙwayar gadon filagrin ita ke haddasa wata cutar bushewar fata ta gado mai ɓamɓaroki, kuma tana ƙara haɗarin cutar ƙaiƙayin fata ta egzima. Wannan ya isa ya nuna miki nauyin wannan furotin guda ɗaya. Tun kafin nan, a 1952, wani mai bincike a Boston mai suna Irvin Blank ya jiƙa busasshen kaushi a cikin mai iri-iri, bai yi laushi ba, da ya sa shi a ruwa sai ya yi. Daga aikinsa aka gane cewa ruwa ne ke tausasa fata, kuma idan ruwan layin sama ya sauka ƙasa da kimanin kashi 10 cikin 100, sai ya yi tauri ya fara tsagewa.

Yanzu ga amsar tambayarki. Faɗuwar tsofaffin ƙwayoyi aiki ne na wasu sinadarai masu yanka maɗauran nan ɗaya bayan ɗaya, ta yadda ƙwayoyin ke faɗuwa ɗai-ɗai ba tare da ido ya gani ba, kuma waɗannan sinadarai ba sa aiki sosai sai da danshi. A hunturu danshin iska a yankinmu yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai aikinsu ya yi rauni, ƙwayoyin su maƙale a dunƙule, gefensu ya ɗago. Wannan shi ne farin da kike gani, kuma a baƙar fata ya fi fitowa fili. Alama ce ta ƙarancin ruwa, ko an yi wanka sau nawa. Idan aka sa ƙarfi aka goge, za a cire farin tare da falle da dama na ƙwayoyin da suka ƙosa, a bar na ƙasa waɗanda suka fi santsi da ɗaukar haske. Shi ne sheƙin ranar farko. Sai dai shingen da layin saman yake yi wa jiki ya ragu, ruwa yana fita da sauri fiye da da, kuma fata takan mayar da martani ta hanyar gaggauta turo sababbin ƙwayoyi. Ƙwayar da aka gaggauta takan iso sama ba ta gama tara filagrin da kitsenta ba. Idan aka sake gogewa kafin ta farfaɗo, sai a shiga zagaye: gogewa tana jawo gaggawa, gaggawa tana jawo ɗanyun ƙwayoyi, su kuma suna jawo sabon fari. Iyakar wannan gaggawa ana ganinta a cutar soriyasis, inda tafiyar wata guda take komawa kwana 3 zuwa 5, ƙwayoyi su iso sama da cibiyarsu a ciki, fata ta yi kauri amma ba ta riƙe ruwa. Raɗaɗin da amarenki ke ji kuwa, man ne yake ratsawa ta giɓin da aka bari har ya taɓa bakin jijiyoyin ji.

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina

Allah Ya saka da alheri, Malam. Ina so in ƙara abu biyu da nake gani a wurin aiki, 'yar'uwa, domin sau da yawa ba dilkarki kaɗai ke da laifi ba.

Na farko sabulu ne da ruwan zafi. Saman lafiyayyar fata yana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙaramin adadi ke nuna yawan tsami, yana tsakanin 4.5 da 5.5, kuma sinadaran da ke kammala haɗa seramaid a tsakanin ƙwayoyi sun fi aiki a wannan tsami. Sabulun da aka saba da shi kuwa, ko na kanti ko na salo, yakan kai 9 zuwa 10, kuma bayan wanka da shi fata takan ɗauki sa'o'i kafin ta koma daidai. A hunturu mace takan tafasa ruwa har yana tururi, ta dirje jiki da soso mai kaushi, wata ma ta yi wankin kaya da garin sabulu ba safar hannu, sannan ta fito cikin iska ta zauna hira kafin ta shafa mai. Kowanne daga cikin waɗannan yana wanke kitsen da Malam ya ambata da kuma sinadaran riƙe danshi, waɗanda da ma suna narkewa a ruwa. Ki duba bayan hannun matan da ke wanke-wanke da asuba a watan Janairu, za ki ga gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi sun tsattsage, wani wurin har da ɗigon jini.

Na biyu shi ne man ƙara haske, kuma wannan ya fi ci mini rai. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa a robobi marasa suna suna ɗauke da sitiroid mai ƙarfi irin su kilobetasol da betametason, waɗanda magunguna ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci don wata cuta, wasu kuma da haidirokwinon, sinadarin da ke rage launin fata, ko ma makuri, wato zaiba mai guba. Sitiroid yana rage haihuwar sababbin ƙwayoyi, yana rage kitsen da suke haɗawa, yana kuma sirantar da ɓangaren ciki na fata. Wadda ta yi watanni tana shafawa za ki gane ta: ƙananan jijiyoyi sun bayyana a kumatu, nankarwa mai faɗi ta fito a hammata da cinya, ƙuraje da makero ba sa rabuwa da ita, ciwo kaɗan ya daɗe bai warke ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata, don haka ba abin mamaki ba ne idan yawancin masu zuwa wurinki suna ciki. Irin wannan fata ba ta da falle na rara da za a goge. Halawa ma, da take fizgar gashi, tana tafiya da wani abu na layin sama, kuma a fatar da sitiroid ya cinye takan ɗaye ta gaba ɗaya.

Tsohuwar Malamar Makaranta, Unguwar Alƙali

Sallama gare ku, 'ya'yana. Na karanta bayanin Malam da na malamar jinya, na kuma ƙaru, amma akwai inda zuciyata ba ta kwanta ba. Mu da iyayenmu sabulun salo muka sani, da man kaɗanya da man shanu da alayyadi, kuma hunturun da ake yi a da bai fi na yanzu sauƙi ba. Ban ga tsofaffinmu suna kukan raɗaɗin mai ba. Yarinya idan za a kai ta ɗakin miji, lalle ake sa ta, a yi mata turare, a shafe ta da mai, ba a san dirzar mako guda ba. Ina tsoron kada ƙarshen wannan magana ya zama cewa sai mace ta sayi man waje mai tsada kafin fatarta ta zauna lafiya, alhali yawancin matanmu ba su da wannan hali. Ina so wanda ya san magunguna ya faɗa mini gaskiya: man kaɗanya yana yin aikin ko ba ya yi?

Mai Haɗa Magunguna, Ƙofar Ƙaura

Ranki ya daɗe, Mama, man kaɗanya yana aiki, kuma abin da kika faɗa game da tsofaffi bai saɓa wa bayanin Malam ba. Ba sa shafa sitiroid, ba sa dirza kullum, kuma suna shafa mai mai nauyi a kai a kai, don haka ko sabulun ya yi ƙarfi, fatar tana samun sararin gyara kanta. Yawancin man kaɗanya asid ɗin sitiyarik ne da oleyik, yana cike giɓin da ke tsakanin ƙwayoyin da suka ɗago, yana kuma rage fitar ruwa. Sharaɗin kawai shi ne ya zama mai tsabta, wanda bai yi ɗoyi ba, kuma ba a gauraya shi da wani tub na ƙara haske ba, domin wannan gaurayawar ta zama ruwan dare.

Idan ana maganar tare ruwa kawai, babu abin da ya kai basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka tun 1872, kuma yana cikin mafi arha a kowane kanti. Ma'aunai sun nuna yana rage fitar ruwa ta fata da kusan kashi 98 cikin 100. Amma a tuna da binciken Blank da Malam ya kawo: mai ba ya kawo ruwa, tsare wanda ke nan yake yi. Saboda haka lokacin shafawa ya fi sunan man muhimmanci. A shafa cikin 'yan mintuna bayan wanka, jiki da sauran lema, tun kafin a fito tsakar gida. Hannu da ƙafa da fuska, da muke wankewa a alwala sau biyar a yini, suna bukatar ƙari bayan an tsane su, ba sai an jira wankan gobe ba. Gilisarin yana jawo danshi ya riƙe, amma a iska mai bushewa irin tamu ya fi kyau a gauraya shi da ɗan ruwa, a kuma bi shi da mai mai nauyi. Yuriya kashi 5 zuwa 10 cikin 100 tana tausasa busasshiyar fata, daga kashi 20 zuwa sama kuma tana narkar da kaushin diddige, sai dai tana da zafi a kan faso da ya buɗe.

Game da maganar mai sayar da kayan kwalliya, Hajiya, akwai gaskiya a ciki, amma ba kamar yadda talla ke nunawa ba. Niyasinamaid, wanda nau'i ne na bitamin B3, an nuna yana ƙara yawan seramaid da ƙwayoyin fata ke haɗawa. Akwai kuma mayukan da aka zuba wa seramaid da kolestarol da asid na mai don su cike abin da ya ragu. Dangin bitamin A, irin su retinol, suna taɓa tsarin ƙosawar ƙwayoyi kai tsaye, amma a makonnin farko sukan jawo bushewa da ɗayewa, don haka ba abin farawa ba ne ana saura kwana goma biki, kuma mai ciki ko mai neman ciki ta nisance su. Babu ɗaya daga cikinsu da zai mayar da tafiyar wata guda ta zama ta kwana uku, kuma wanda ya yi miki wannan alkawari ki tambaye shi abin da ya zuba a ciki.

Ba kowane man girki ne ya dace da fata ba. Seramaid mafi muhimmanci wajen ɗaure shingen yana bukatar asid ɗin linoleyik, wanda jiki ba ya iya haɗawa sai daga abinci. George Burr da matarsa Mildred ne suka gano cewa dole jiki ya samu irin wannan mai daga abinci, a Jami'ar Minesota ta Amurka daga 1929, lokacin da ɓerayen da aka hana wa mai suka yi ɓamɓarokin fata. Gyaɗa da riɗi da waken suya duk suna da shi, don haka abincinmu bai rasa shi ba. A shafawa kuwa, wani ƙaramin gwaji da aka buga a 2013 daga Jami'ar Shefil a Ingila ya nuna man zaitun, mai yawan oleyik, ya raunana shingen fatar manya bayan mako 4, alhali man furen rana mai yawan linoleyik bai yi haka ba. Ba ina cewa a daina cin zaitun ko girmama shi ba, ina cewa ne kada a mayar da shi man shafawar mai egzima ko na jariri. Lemun tsami kuma, da ake yawan matsawa a haɗin gyaran jiki, tsaminsa ya kai kusan 2 a ma'auni, ya yi wa fata yawa, kuma idan rana ta same shi a jiki yana iya barin baƙin tabo. Sabulun salo, Mama, da toka ake yin sa, yana da ƙarfi, don haka a hunturu a taƙaita shi ga hammata da matsematsi da ƙafa, sauran jiki ruwa mai ɗumi ya wadatar a yawancin ranaku.

Mai Gyaran Jiki, Ƙofar Marusa, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Saura abu ɗaya. Yawancin amare saura mako guda ake kawo mini su, uwa tana so a yi dilka kullum har ranar ɗaurin aure, kuma da yawa suna kan shafa haɗin ƙara haske. Yaya zan tsara aikin, kuma me zan ce wa wadda take kan wannan man? In ce ta daina nan take?

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina

'Yar'uwa, a nawa ganin abin da ya fi dacewa shi ne ki nemi a riƙa kawo miki su saura wata guda, tunda kin ji tsawon tafiyar ƙwayar fata, kuma ki bayyana wa iyaye dalili, domin uwar da aka nuna wa ƙwaurin da ya yi fari bayan dirza takan gane. Makonnin farko su zama na sauya sabulu, da rage zafin ruwa, da shafa mai safe da dare a kan lema. Dilka a yi ta da hannu mai sauƙi, da haɗi mai laushi da mai a cikinsa, a bar kwanaki a tsakani, domin ko a fatar matashiya shingen da aka taɓa yana bukatar kwanaki kafin ya koma daidai, a ta manya kuma fiye da mako. Ta ƙarshe kada ta zama daren biki. Idan mako guda kawai aka ba ki, sau ɗaya ya isa, sauran ranakun ki cika su da shafa mai da lalle da turare. Alamar tsayawa a bayyane take: duk wadda ta ce ruwa ko mai yana yi mata raɗaɗi, ko kika ga ja ko sheƙi mai ɗaurewa, a ajiye gogewa gaba ɗaya, a koma basilin ko man kaɗanya zalla har raɗaɗin ya tafi.

Wadda ta daɗe a kan haɗin da ake zaton akwai sitiroid a ciki, kada ki yi mata dilka ko halawa, kuma kada ki ce ta yanke shi dare ɗaya. Yankewa farat ɗaya takan jawo fuska ta yi ja, ta kumbura, ta yi zafi da ƙuraje, kuma ga wadda ta shafe jiki duka na tsawon lokaci akwai haɗarin da ya wuce fata, domin maganin yana shiga jini ya danne sinadarin da jiki ke samarwa da kansa. Ki tura ta babban asibiti ta ga likita, ta tafi da robar man a hannunta, a tsara mata yadda za ta rage a hankali. Haka ma idan kika ga tabo mai zagaye da ƙaiƙayi, ko ɓamɓaroki mai kauri a gwiwa da gwiwar hannu, ko wurin da ke tsattsafo da ruwa, waɗannan na asibiti ne.

Tunda iyayen amare ma sukan miƙo ƙafa a goge musu kaushi, ki riƙa tambayar ko suna da ciwon suga kafin ki ɗauki dutse. Mai suga sau da yawa ba ta jin zafi a tafin ƙafa, gumin ƙafarta ya ragu, faso kaɗan yana iya zama gyambo. Irin wannan ƙafa ba a sa mata reza, ba a jiƙa ta a ruwan zafi, ana shafa mata mai a diddige da tafi kullum amma ban da tsakanin yatsu, kuma idan akwai tsaga da ta buɗe, a kai ta asibiti a ranar.